Darasi Na Bakwai: Hanyar Keke Da Ta Ƙafa Zuwa Kurmin Amsterdam

Rubutun bayani ba ya tsayawa a kan faɗin yadda abu yake, sai ya kai ga nuna dalilin da ya sa ya zama haka. Domin ɗalibi mai koyon aikin malanta ya ga wannan a aikace, an zaɓi wani wurin shaƙatawa da ke gefen birnin Amsterdam na ƙasar Holan, kuma an mai da hankali a kan tambaya ɗaya: ta yaya wanda ba shi da mota yake isa wurin?

Mutanen ƙasar suna kiran wurin Amsterdamse Bos, kuma a nan an kira shi kurmi. Kalmar daji ba ta dace ba, domin daji shi yake tsiro da kansa, ba a shuka shi. Lambu kuwa ya yi kaɗan ga fili mai faɗin kadada kusan 1,000. Kurmi ne ya fi kusa, tunda yana nuna itatuwa masu duhuwa a wuri mai dausayi, ko da yake shi ma bai nuna cewa hannun mutum ne ya dasa su ba. Irin wannan auna kalma kafin a ɗora ta a kan baƙon abu wajibi ne ga malamin Hausa.

An fara aikin a shekarar 1934, lokacin da tattalin arzikin duniya ya durƙushe, rashin aikin yi ya yi katutu. Hukumar birnin ta ɗauki marasa aiki, fiye da mutum 20,000 a tsawon shekarun farko, suka haƙa tafkuna da magudanan ruwa da shebur da baro. Ƙasar wurin tana ƙasa da bakin teku, don haka sai da aka janye ruwa kafin itace ya kama. Ƙasar da aka haƙo aka tara ta zama tudu. A 1937 aka buɗe doguwar mashigar ruwa ta tseren kwalekwale, dashen itatuwa kuwa bai ƙare ba sai 1970.

Abin lura shi ne, waɗanda suka tsara kurmin, cikinsu har da wata mai zanen birane, Jakoba Mulder, sun raba hanyoyin cikinsa tun daga zane. Mai tafiya a ƙasa da tasa hanya, mai keke da tasa, mahayin doki ma da tasa. Hikimar a fili take: gudun waɗannan ukun ba ɗaya ba ne, idan aka cusa su a turba ɗaya, mai rauni ne yake kaucewa, wato tsoho da yaro. Ba a kuma karɓar kuɗin shiga.

Sai dai hangen Dala ba shiga birni ba ne. Kyan hanyoyin ciki ba ya amfanar yaron da babban titi ya tsare tun daga ƙofar gidansu. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu motoci suka yawaita a Holan, aka faɗaɗa tituna dominsu, har wata babbar hanyar mota mai suna A9 ta ratsa kurmin kansa. A shekarar 1971 haɗarin hanya ya ci rayuka sama da 3,000 a ƙasar, fiye da 400 daga cikinsu yara ne. Iyaye suka fito zanga-zanga da taken a daina kisan yara. Ƙarancin man fetur na 1973, wanda ya sa aka hana tuƙa mota a wasu ranakun Lahadi, ya ƙara wa kukansu ƙarfi. Daga nan sannu a hankali aka shiga gina hanyoyin keke da aka ware daga na mota, galibi da jar kwalta don direba ya gane su.

Amfanin wannan ga kurmin shi ne hanya ba ta yankewa. Mai keke yana iya tasowa daga tsakiyar birni ya isa cikin kimanin rabin sa'a, inda babban titi ya gitta kuwa ya bi ta ƙarƙashinsa ko ta mahaɗa mai fitilar ba da hannu. Wannan ne ginshiƙin lamarin, domin hanyar keke mai tsawon kilomita biyar da ta ƙare a bakin titin da ba a iya tsallakawa, uwa ba za ta bar ɗanta ya bi ta ba.

Jinga

Ɗalibi ya zaɓi wani wuri a bayan garinsu da jama'a suke zuwa shan iska, ko madatsar ruwa ko dutse ko gandun itatuwa. Ya taka da ƙafarsa daga makarantar firamare mafi kusa zuwa can, sannan ya rubuta bayani mai sakin layi uku a kan hanyar, ya nuna inda ɗan aji huɗu zai tsaya ya kasa tsallakawa da kuma dalilin hakan.