Sarrafa Malalen Ruwan Sama a Harabar Jami'a: Darasi daga Madatsar Kubanni, Zariya

1.0 Gabatarwa

Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962, ta dogara ga madatsar da aka gina a kan kogin Kubanni a shekarun 1970 domin shayar da harabarta ta Samaru. Wani kaso na ruwan da ke sauka a harabar da kuma garin Samaru a wannan madatsa yake ƙarewa. Ke nan, abin da malale ya kwaso da damina, shi ake tacewa a sha da rani.

2.0 Tushen Matsalar

Milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 daidai yake da lita 1. Saboda haka, ruwa mai milimita 30 a kan hekta guda ya kai lita 300,000. Ƙasa mai ciyawa takan tsotse kaso mai yawa, amma kwano da kwalta da siminti ba sa shan ruwa. Sai ya taru ya kwarara da ƙarfi, ya haifar da zaizaya, ya kwashi yashi da leda da ƙazantar kwatami. Yashin yana cike cikin madatsa, ya rage yawan ruwan da take riƙewa. Abin da ya tsallake kuwa yana bin Kubanni zuwa kogin Galma.

3.0 Hikimar Bahaushe

Tsarin garin Bahaushe na gargajiya ya tanadi mafita. Indararo yana sauke ruwan soro, kududdufin da aka haƙa wajen ɗibar ƙasar gini kuma yana tare shi har laka ta kwanta, sauran ya nutse. Wannan shi ne aikin tafkin tare malale a injiniyancin zamani. Haka nan manomi kan bar gamba a iyakar gona, saiwoyinta su riƙe ƙasa. Harabar jami'a na iya cin moriyar waɗannan dabaru: tankunan tara ruwan rufi, da magudanai masu ciyawa, da kududdufai masu shinge kafin bakin rafi, tare da kula da su don kada su zama matattarar sauro.

4.0 Kammalawa

Darasin bai tsaya ga Zariya ba.  Tare ruwa a inda ya sauka ya fi yashe madatsa araha.