Rubutun Shafin Intanet Da Aikin Allo

Tun shekararmu ta fari a kwalejin nan a ke koya mana aikin allo. An ce in ka gama rubutu, ka taka zuwa bayan aji, ka tsaya inda yaron ƙarshe ya ke zaune, ka duba ko abin da ka rubuta yana karantuwa. A ganina wannan shi ne tushen rubuta shafin intanet. Ina so in ɗan yi bayaninsa ga 'yan'uwana ɗalibai, domin yawancinmu in mun fita, mu hedimasta zai ɗora wa sa sanarwar makaranta a intanet, wai mu ne yaran zamani.

Mu mazauna Minna ba sai an ba mu labarin girman abin nan ba. A garin nan hedkwatar NECO ta ke, watau hukumar jarrabawa wadda aka kafa a 1999, zamanin Janar Abdulsalami Abubakar, kuma yaro ko a Sakkwato ya ke ko a Kalaba, ta intanet ya ke duba sakamakonsa. JAMB kuwa tun 2015 ta mai da jarrabawarta ta kwamfuta. To, wane ne ke zaune a bayan wannan aji? Uban yaro ne a Kuta ko Lapai, mai 'yar waya da tsagaggen gilashi, wanda ya sayi data kaɗan, ga rana tana haske fuskar wayar. Turancinsa na firamare ne, a gida kuwa Gbagyi ko Nufanci ya ke yi. Abu biyu suka kawo shi, yaushe za a rufe rajista, kuma nawa ne kuɗin. In bai samu ba, ɗansa ya yi hasarar shekara guda.

A 1997 waɗansu masana biyu a Amurka, Jakob Nielsen da John Morkes, suka zauna suna kallon yadda mutane su ke karatu a intanet. Suka tarar 79 cikin ɗari bin shafi su ke yi da ido suna tsintar kalmomi, 16 kaɗai ke bin kalma bayan kalma. Mu kuwa mun saba da wasiƙa, inda a ke fara gaisuwa mai yawa da fatan alheri kafin a zo ga magana. A wasiƙa ladabi ne, ban ƙi ba. Amma na taɓa buɗe shafin wata makaranta, na iske hoton mai makaranta ya cika fuskar waya, sa'an nan jawabin maraba, sa'an nan tarihi, ranar komawa makaranta kuwa tana can ƙasa kamar an ɓoye ta. Maimakon a ce hukumar makaranta tana farin cikin sanar da iyaye masu daraja cewa bisa ga shawarar da aka yanke a taro, ai sai a ce, "Za a rufe rajista ran 14 ga wata. Kuɗi naira kaza. A kawo hoto biyu." Gaisuwa ta biyo baya, ba ta ɓaci ba.

Kada wani ya ce sauƙin magana raini ne. Gwamnatin Ingila, wadda ta tara shafukanta wuri guda a 2012 da sunan GOV.UK, ta umarci ma'aikatanta su rubuta yadda ɗan shekara 9 zai gane, alhali kuwa har lauyoyi da likitoci suna karantawa. Mai ilmi ma yana da gaggawa.

Akwai ƙa'idodi na duniya da a ke kira WCAG, waɗanda aka fara bugawa a 1999, aka yi musu ƙari a 2023, don makafi da masu raunin gani da sauransu. Ɗaya daga ciki ta ce lalle rubutu ya bambanta ƙwarai da launin da ke bayansa, har an auna, 4.5 ga 1. Duk wanda ya taɓa rubutu da shuɗin alli a kan allo mai ƙura ya san dalili. Wata kuma ta ce kowane hoto a sa masa bayani a rubuce, domin wayar makaho karanta masa rubutu ta ke yi da murya. Nan ne al'adarmu ta ɗaukar hoton takardar sanarwa a liƙa ta ke yin ɓarna. Makaho bai ji kome ba, mai data kaɗan kuma tasa ta ƙare kafin hoton ya buɗe. A nan ƙasar ma akwai dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairu 2019.

Mai rubuta Hausa yana da nasa ƙarin aiki. Ya duba ko ƙ da ɗ da ɓ sun fito a waya, ko kuwa sun zama 'yan akwatuna. In ya gaji ya zubar da lanƙwasarsu, ƙasa ta zama kasa, ƙarya ta zama karya.

Saura tafiya bayan aji. Nielsen ya rubuta a 2000 cewa mutum biyar sun isa su tona wajen kashi 85 cikin ɗari na wahalar da ke cikin shafi. Ba a bukatar kuɗi. Miƙa wa maigadi wayarka, ko mai sayar da abinci a bakin ƙofa, ka ce, "Baba, don Allah nemo mini ranar da za a rufe rajista." Sa'an nan ka yi shiru, ka dubi inda yatsansa ya tsaya, ka rubuta. Shirun nan shi ne mai wuya gare mu malamai, gama da ya fara dube-dube bakinka zai yi ƙaiƙayi ka ce masa taɓa can. Ka daure har ya samu, ko ya mayar maka da wayar.