Zaɓen Manhajar Karanta Labaran Zane a Kwamfuta

Gabatarwa

Manufar wannan ɗan taƙaitaccen nazari ita ce fito da ma'aunan da ɗalibin adabi zai bi wajen zaɓen manhajar karanta labaran zane, watau labaran da hoto da magana suke tafiya tare a shafi guda. Irin wannan adabi ba baƙo ba ne a Nijeriya. Mujallar African Film ta yi tashe a ƙarshen shekarun 1960, Ikebe Super ta Wale Adenuga ta fito a 1976, sannan kamfanin Comic Republic na Legas ya soma sakin nasa ta intanet a 2013. Yanzu akasarin abin da mai bincike zai samu a kwamfuta yake.

Yadda Fayilolin Suke

Kowane shafi hoto ne mai zaman kansa. Akan jera hotunan bi da bi, a ƙunshe su cikin fayil ɗaya. In an ƙunshe da tsarin ZIP sai a kira shi CBZ, in kuwa da RAR ne sai a ce CBR. Manhajar CDisplay ta David Ayton ce ta yaɗa wannan tsari. Da yake rubutun yana cikin hoton ne, haruffa masu lanƙwasa irin su ɓ da ɗ da ƙ ba sa lalacewa, amma fa ba a iya neman kalma a ciki kamar yadda ake yi a rubutun da aka buga.

Ma'aunan Zaɓe

Na farko, rashin nauyi. Ɗalibin da ke zaune a Tudun Wada yana zirga-zirga zuwa Kongo ko Samaru, galibi tsohuwar kwamfuta gare shi, ga wutar lantarki ba tabbas. SumatraPDF kyauta ce, ba ta da nauyi, tana kuma buɗe CBZ da CBR da PDF a kan Windows.

Na biyu, ta yi aiki ba tare da intanet ba, saboda tsadar data.

Na uku, ta nuna shafi biyu a jere, domin mai zane yakan shimfiɗa hoto ɗaya ya ratsa shafuka biyu. YACReader tana yin haka, tana tsara littattafai kamar kanta, kuma tana iya juya jerin shafuka daga dama zuwa hagu. An yi wannan ne don labaran zanen Japan, amma ya dace da shafukan ajami da aka ɗauki hotonsu.

Na huɗu, wanda ya fi sauran muhimmanci, shi ne mallaka. Kamfanin Amazon ya sayi ComiXology a 2014, ya rufe manhajarta a Disamba 2023, ya mayar da masu karatu ga Kindle. Littafin da aka kulle cikin manhajar kamfani yana tafiya ne da ra'ayin kamfanin. Shi kuwa CBZ, ko babu manhajar karatu ana iya kwance shi a ga hotunan.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa ba ado ake dubawa a manhaja ba. Abin dubawa shi ne ko littafin zai zauna a hannun mai shi har ranar da mai duba kundinsa zai nemi ganin shafin da ya kafa hujja da shi. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.