Alamomin Jini da Hasashen Mutuwa a Cutar Toshewar Huhu

Cutar toshewar hanyoyin numfashi mai daɗewa, wadda likitoci ke taƙaita sunanta da COPD, tana daga cikin manyan cututtukan da ke kisa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ta kashe mutum miliyan 3.23 a shekarar 2019. Hayaƙin taba shi ne babban sanadinta, sai kuma hayaƙin itace da na gawayi da mata ke shaƙa a madafa shekara da shekaru. Maƙasudin wannan takarda shi ne nazarin abin da jini ke iya nunawa game da makomar mai wannan ciwo.

A da, ma'aunin likita shi ne yawan iskar da majinyaci zai iya hurowa cikin daƙiƙa guda. Sai aka lura cewa mutum biyu kan yi kunnen doki a wannan awo, amma ɗaya ya rasu cikin shekara biyu, ɗaya kuwa ya yi shekara goma yana harkokinsa. Saboda haka a 1 ga wannan ma'auni aka ƙara wasu uku a shekarar 2004, lokacin da Bartolome Celli da abokan aikinsa suka fito da ma'aunin BODE, watau nauyin jiki, da tsananin haki, da nisan da mutum zai iya takawa cikin minti shida.

To, ina jini ya shigo? Dalili shi ne ciwon bai tsaya ga huhu kaɗai ba. A jikin wasu majinyata akwai kumburi na ɓoye da ke ci sannu a hankali kamar wutar ƙaiƙayi, yana taɓa zuciya da jijiyoyin jini da tsoka. Da yawa daga cikinsu ma ciwon zuciya ko sankarar huhu ke ajalinsu, ba sarƙewar numfashi ba. Wannan kumburi yana barin sawu cikin jini: fararen ƙwayoyin jini su ƙaru, sinadarin IL-6 ya hau, shi kuma ya zaburar da hanta ta riƙa fitar da CRP da fibirinojin, wanda shi ne ke sa jini ya daskare.

Binciken ECLIPSE, wanda aka buga sakamakonsa a shekarar 2012, ya bi majinyata 1,843 har shekara uku, inda 168 suka rasu. An ga waɗanda suka rasu alamomin kumburi sun fi yawa a jininsu tun farko. Wani sashe na binciken ya nuna cewa kashi 16 cikin ɗari na majinyatan kumburinsu ba ya sauka, kuma a cikinsu kashi 13 suka mutu, alhali kashi 2 ne kacal suka mutu cikin waɗanda ba su da kumburin. Duk da haka, da aka ɗora alamomin jinin a kan ma'aunin BODE da shekarun majinyaci da tarihin kwanciyarsa asibiti, ƙarin da suka yi wa ingancin hasashe kaɗan ne. Masu zumuɗi kan tsallake wannan gaɓa, alhali ita ce mafi muhimmanci.

Fibirinojin ne ya fi samun karɓuwa. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi, inda aka ɗauki miligiram 350 a kowane desilita a matsayin iyaka. Sai dai amincewar ta shafi zaɓen waɗanda za a sa cikin gwajin sababbin magunguna ne, domin a tara mutanen da haɗarinsu ya fi yawa. Ba a ce likita ya dubi takardar awon mutum guda ya ƙidaya masa kwanaki ba.

Akwai kuma wani tarnaƙi da ya shafi ƙasar Hausa. Waɗannan alamomi ba su san huhu ba, kowane irin kumburi suke amsawa. Zazzaɓin cizon sauro yana ɗaga CRP, tarin fuka ma haka, tsutsar ciki kuwa tana ƙara yawan fararen ƙwayoyin jini da ake kira iyosinofil. Gwaje-gwajen da aka ambata an yi su ne galibi a Turai da Arewacin Amurka, a kan masu shan taba. Don haka idan tsohuwar da ta yi shekara arba'in tana hura wuta a murhu ta zo asibiti da damina, CRP ɗinta a sama, wajibi ne a fara duba ta don zazzaɓi kafin a jingina awon ga huhunta.