Cigiyar Dangi: Yadda Za Ka Tsara Tambayarka Don a Iya Taimaka Maka

Da wuya ka sami gidan Bahaushe da babu labarin wani da ya tafi bai dawo ba. Wani ya bi ayarin fataken goro zuwa Gwanja, wani ya nufi Makka a ƙasa ya yada zango a Sudan, wani kuma an ɗauke shi soja zuwa Bama lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Yau jikoki sun taso suna son sanin tushensu. Suna aika saƙo ga sarakunan zango da masu unguwanni da masana tarihi, wasu har su ba da cigiya a rediyo. Da yawansu kuma shiru suke ji.

Ba rowar sani ce ke jawo shirun ba. Dubi irin saƙon da aka fi aikawa: "Kakanmu malami ne daga Kano, ya tafi Sudan tun da daɗewa, don Allah wanda ya san danginsa ya taimaka." Ko mai karanta wannan ya fi kowa son sada zumunci, ta ina zai fara? Malamai nawa suka bar Kano zuwa gabas? An ce matambayi ba ya ɓata, to amma sai ya san abin da yake tambaya, ya kuma ba wanda ya tambaya abin kamawa.

Fara daga cikin gida

Kafin ka rubuta wa kowa, zauna da tsofaffin gidanku, musamman mata. Gwaggo da kaka sukan riƙe abin da maza suka manta: wa ya auri wa, wace unguwa aka kai amarya, wa aka ba riƙon wa. Nemi izininsu ka ɗauki muryarsu a waya. Sannan ka bincika adaka da gafaka. Malamai da yawa sukan rubuta haihuwa da rasuwa da ajami a bangon littafi, wasu gidajen kuma suna da takardar rabon gado ta alƙali, ko rasiɗin haraji, ko tsohon fasfon aikin hajji, ko littafin sallama daga soja mai ɗauke da lamba. Abin da ka samo a nan shi ne jarin tambayarka.

Mutum ɗaya, tambaya ɗaya

Kada ka ce kana neman tarihin zuriyarku gaba ɗaya. Zaɓi mutum ɗaya, ka faɗi abu guda da kake son sani game da shi: inda aka binne shi, ko sunan mahaifinsa, ko kuwa ya bar 'ya'ya. Ƙaramar tambaya ita ake iya amsawa, amsarta kuma ita ke buɗe ƙofar ta gaba.

Kawo duk sunayensa

Nan ne aikin ya fi nauyi, domin mu ba mu gaji sunan dangi guda da ke bin zuriya daga kaka zuwa jika ba. Sunan uba ake jinginawa, shi ma yana canjawa daga uba zuwa ɗa. Waɗanda suka shiga makarantar boko kuwa, da yawansu sunan garinsu aka liƙa musu.

Saboda haka rubuta sunan yanka, da sunan uba, da na kaka in ka sani. Ƙara da sunan da aka fi kiransa da shi. Abubakar na iya zama Garba ko Habu ko Buba, Usman ya zama Shehu, Umaru ya zama Sanda, Hadiza ta zama Dije, A'isha ta zama Indo. Alkunya ma takan rufe suna ruf: wanda ya ci sunan kakansa sai a girma ana ce masa Abba ko Baba, har maƙwabta su manta na yankan. Ga kuma irin su Tanko da Talle da Ɗanladi. A zangon da ya sauka wataƙila ba wanda ya san shi sai da laƙabin sana'a ko na gari, kamar Maigoro ko Bakano.

Idan saƙon zai je Nijar ko Kamaru ko Chadi, tuna cewa takardunsu da rubutun Faransanci suke. Usman a can Ousmane ne, Yusufu kuma Issoufou, Damagaram kuma Zinder za ka gani. Na Sudan kuwa, sa a rubuta maka sunan da baƙaƙen Larabci.

Wuri: sauka har unguwa

"Daga Kano" bai isa ba. Cikin birni ne ko ƙauye? In birni ne, Ƙoƙi ko Madabo ko Yakasai? Akwai Tudun Wada a Zariya da Kaduna da Kano da Gusau, Sabon Gari kuwa ba a magana, don haka faɗi wanne kake nufi. Ka kuma lura cewa iyakoki sun canja. An cire Katsina daga jihar Kaduna a 1987, Jigawa daga Kano a 1991, Zamfara daga Sakkwato a 1996. Mutumin Haɗeja ko Gumel na zamanin Turawa, a takardun Lardin Kano za a neme shi.

Ambaci sana'arsa da asalinsa, ko Agalawa ne, ko Wangarawa, ko Sulluɓawa, da irin tsagar fuskarsa in an gaya maka. Tsofaffi sukan tuna mutum da billensa fiye da sunan ubansa.

Zamani: ɗaura shi da abin da kowa ya sani

Kakanninmu ba su ƙirga shekara da lamba ba, sun ƙirga da sarauta da abin da ya auku. Kai ma bi wannan hanyar, sannan ka maida ita lamba. Basasar Kano daga 1893 zuwa 1895 ce. Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903. Layin dogo ya iso Kano a 1911. Sarkin Kano Abbas ya yi mulki daga 1903 zuwa 1919, Abdullahi Bayero daga 1926 zuwa 1953, Sarkin Katsina Dikko daga 1906 zuwa 1944. Sarauniyar Ingila ta zo Kaduna a 1956. In an ce maka "zamanin Sarkin Musulmi Abubakar", sai ka nemi ƙarin alama, domin shekara hamsin ya yi a gadon sarauta, daga 1938 zuwa 1988.

Sanin zamani yana nuna inda za a duba. Wanda ya yi gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, wataƙila yana cikin mabiyan Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, waɗanda suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar a Sudan. Wanda ya tafi bayan 1925, sai a fara tunanin gonakin audugar Jazira, inda mahajjata da yawa suka tsaya neman guzuri. Wanda aka ce yana Salaga a ƙasar Gwanja, a tuna cewa yaƙin 1892 ya watsa fataken garin zuwa Kete Krachi da Kumasi da wasu wurare, korar baƙi da gwamnatin Busia ta yi a Gana a 1969 kuma ta sake raba iyalai.

Raba abin da ka tabbatar da abin da ka ji

Rubuta "na ga takarda" a inda ka ga takarda, ka rubuta "an ce" a inda aka ce, ka faɗi wanda ya ce. Faɗi kuma wuraren da ka riga ka bincika, don kada wani ya ɓata lokacinsa yana maimaita aikinka. Ga yadda saƙon zai kasance:

"Assalamu alaikum. Ina neman zuriyar ƙanen kakana, Malam Wane ɗan Wane, wanda ake kira Maigoro, mutumin unguwar Ƙoƙi a Kano. Gwaggona ta ce ya tafi Kumasi fataucin goro a farkon sarautar Abdullahi Bayero, wato wajen 1926 zuwa 1930, kuma an ce ya yi aure a can. Mun tambayi mai unguwarmu, bai san inda ya sauka ba. Abin da nake son sani shi ne ko ya bar 'ya'ya. Zumunci kawai muke nema. Allah ya saka da alheri."

Wannan jimla ta zumunci tana da amfani. Mutane sukan yi ɗari-ɗari da baƙon da ke tonon asali, suna zaton gado ko gona ko sarauta yake hari.

In za ka rubuta wa gidan tarihi

Akwai Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da Arewa House a Kaduna, da Gidan Ɗan Hausa a Kano, da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Takardun zamanin Turawa sun fi ambaton hakimai da dagatai da alƙalai da ma'aikatan En'e, ba kasafai talaka ke fitowa da sunansa ba. Don haka ba su sunan lardi da gunduma da shekarun da kake nufi, kada ka tsaya ga sunan kakanka kaɗai.

Kiyaye mutunci

Kada ka baza lambar waya ko hoto ko adireshin wani mai rai ba da yardarsa ba. Abin da ya shafi bauta ko mutuwar aure ko rikicin gado, a bar shi sai an haɗu ido da ido. Wanda ya ce sai ka turo kuɗi kafin ya haɗa ka da danginka, tambaye shi wani abu da ba ka rubuta a saƙonka ba, kamar sunan mahaifiyar wanda kake nema. Wanda ya taimake ka kuwa, ko da kalma ɗaya ce, ka gode masa, ka kuma dawo ka gaya masa yadda ta kaya.

Mai karatu, in akwai tsoho ko tsohuwa a gidanku da ke iya jero sunayen kakanni, je ka gaishe su a wannan makon da takarda da alƙalami a hannunka. Takardun Kaduna za su jira ka, su kuwa tsofaffin nan ba su da tabbacin jira. Allah ya sada mu da danginmu cikin alheri.