Yadda Ake Zaɓen Famfon Mai da Sauya Shi a Motocin Hanyar Batsari

Famfon mai ƙaramin injin lantarki ne da ke nutse a cikin tanki, wanda ke tura fetur da matsi zuwa nozuloli, wato bakunan da ke fesa shi cikin inji. A hanyoyin da suka haɗa Yasore da Batsari da Safana, inda Golf 3 ke jigilar mutane da hatsi, famfo na saurin mutuwa, domin fetur ɗin da yake nutse a ciki shi ke sanyaya shi, alhali tun cire tallafin mai a watan Mayun 2023 direbobi da yawa ba sa cika tanki, ga kuma dattin man jarka na 'yan bumburutu.

Abin da bakanike ke fara yi shi ne ƙirga tiyon da ke jikin bututun nozuloli. Idan biyu ne, motar mai mayar da mai ce, kamar Golf 3: famfo na turo fiye da bukata, regileta, wato bawul mai daidaita matsi da ke wajen inji, ta riƙe abin da ake so ta mayar da ragowar tanki. Idan ɗaya ne, kamar a Toyota Corolla ta 2003, regileta na cikin tanki tare da famfo, kuma mai ba ya komowa. Wannan tsari na biyu ya yaɗu a shekarun 1990 saboda dokokin rage tururin fetur a Amurka, tun da man da ya zaga ta inji yakan komo da zafi ya dumama tanki.

Daga nan sai a ɗaura geji a auna matsi, kuma a nan ne masu gaggawa ke ɓarna, domin famfuna da yawa kamanninsu ɗaya. Golf 3 mai inji 1.8 da nozul guda na aiki da kusan bar 1, mai inji 2.0 na bukatar kusan bar 3, Corolla kuwa tsakanin 3 da 3.5. Masu motocin tsere da suka ƙara turbo sukan fifita tsarin mayarwa, domin regiletarsa na ɗaga matsin mai daidai da na iskar da ake cusa wa inji, sannan yana iya ɗaukar babban famfo irin Walbro mai tura lita 255 a awa. Sai dai idan aka sa irinsa a motar da regiletarta ƙarama ce, matsi zai haura, inji ya riƙa shan mai yana baƙin hayaƙi, don haka girman famfo a motar haya asara ce kawai.

Kafin kwancewa ana zare fis ɗin famfo, a bar inji ya ci man da ke tiyo har ya mutu, sannan a cire kan batir. Murfin tanki na ƙarƙashin but a Golf, a Corolla kuma yana ƙarƙashin kujerar baya, kuma dole a goge ƙurar da ta taru a bakinsa kafin a buɗe. Ko famfon sabo ne ko na Beljiyam daga Ƙofar Ruwa ta Kano, ana sauya shi tare da rariyarsa da robar murfi. Bayan an ɗaure, ana murɗa makulli sau biyu ko uku ba tare da tayar da inji ba, a duba yoyo, sannan a kashe a zuba wa geji ido: idan allurarsa ta faɗi nan take, to bawul ɗin famfo ko regileta ko wani nozul na zubar da matsi.