Mai ciki da ɗakin haya

Mutanen karkara da yawa suna zuwa neman aiki Maradi, Damagaram ko Yamai, su kama ɗakin haya. Masu gida sukan karɓi kuɗin wata uku gaba ɗaya. Wani lokaci kuɗin ba su ƙare ba, ga matar ɗan haya da tsohon ciki, ga bangon ɗaki ya tsage.

Ginin ƙasa in ya tsage ba ya jiran ƙarshen wata. A damanar 2024, ruwa ya kada har tsohon masallacin Birni na Damagaram. Mace mai cikin wata takwas ba ta iya gudu cikin dare. In kuma ruwa yana kwanciya tsakar gida, ga sauro. Masassarar sauro tana rage ma mai ciki jini, tana sa ta haifi jinjiri ƙarami.

Amma kada ɗan haya ya kwashe kaya a ɓoye. Wanda ya yi haka ya bar kuɗinsa, ya ɓata sunansa. Ya je wurin mai gida da shaidu biyu, ya gwada masa tsagar bangon da karnen awon ciki. In mai gida zai gyara, a sa rana kusa. In ba zai gyara ba, a yi lissafi, a rubuta takarda, kowa ya sa hannu. In gardama ta tashi, sai wurin mai unguwa.

Lissafi: ɗaki jika 8 ne a wata. An biya wata 3, an zauna wata 1. Jika nawa za a nema wurin mai gida?